Rashin da Ke Wuyar Haƙuri: Tambayoyi da Amsoshi ga Jama'ar Zangon Accra

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin waɗanda aka yi wa rasuwa a unguwannin Nima, Mamobi, Fadama, Sabon Zango da Madina, galibi bayan an naɗe tabarmin makoki, masu ta'aziyya sun watse. Abin da ya shafi hukuncin addini a kan wani gida na musamman, a kai shi gaban malamin da aka yarda da iliminsa. Abin da ya shafi lafiya kuma a kai shi asibiti.

1. Mutuwa ai ɗaya ce. Me ya sa wani rashin yake fin wani nauyi?

Mutuwa ɗaya ce, amma yadda take zuwa da halin da take barin masu rai a ciki sun bambanta. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa watanni a asibitin Korle Bu, ya ba shi ruwa da hannunsa, ya nemi gafararsa, ya ji kalmar shahada a bakinsa, sannan ya shiga kabari ya karɓe shi, zai yi kuka, amma yana da abubuwan da zuciyarsa za ta jingina da su. Wanda aka tasa da tsakar dare aka ce ya zo ya duba ko wannan gawar ƙanensa ce, bai samu ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abubuwan da suka fi tsananta alhini sanannu ne: mutuwar fuju'a, rashin ganin gawa, saɓanin da ba a shirya ba kafin rabuwa, mutuwar da ake jin kunyar faɗin sanadinta, rashin da jama'a ba su ɗauke shi rashi ba, da talauci ko rikicin gado da ke biyo baya. Idan biyu ko uku suka haɗu a kan mutum ɗaya, ko kuma aka yi masa rashi a kan rashi kafin ya farfaɗo daga na farko, nauyin yakan wuce abin da kalmar "sai haƙuri" za ta iya ɗauka ita kaɗai.

2. Shin daɗewa cikin baƙin ciki alama ce ta raunin imani?

A'a. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS), wanda ya yi shekaru yana juyayin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka yi masa magana sai ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Wannan yana Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa 86. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ma, malaman sira suna kiranta shekarar baƙin ciki.

Abin da aka hana shi ne kururuwa, da yaga tufafi, da marin fuska, da maganganun da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Kwana uku da aka iyakance wa wadda ba matar mamaci ba, iyaka ce ta zaman makoki da barin ado. Ba a umarci zuciya ta warke a rana ta huɗu ba. Yawancin masu cewa "kin cika kuka, kamar ba ki yi imani da ƙaddara ba" da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai maganar tana ƙara wa mai rashi kaya na biyu, domin yanzu ga raɗaɗin mamaci, ga kuma tsoron ko ta saɓa wa Allah.

3. Ya fita lafiya da safe, da yamma aka ce ya rasu. Me ya sa har yanzu na kasa gaskatawa?

Saboda ba ka samu lokacin shiri ba. A irin wannan rashi akan samu ɗimuwa da farko, har mutum ya yi ta hidimar jana'iza idonsa a bushe, mutane suna yaba dauriyarsa, sai bayan makonni abin ya faɗo masa. Wasu sukan riƙa kiran lambar mamacin, ko su zabura duk lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida. Wanda kuwa abin ya faru a gabansa, ko shi aka kira ya shaida gawar, hoton yakan riƙa dawo masa a farke da cikin barci, ya kuma riƙa kauce wa titin da haɗarin ya auku.

Mutanen Accra sun san wannan sarai. Ranar 9 ga Mayu 2001 mutum 126 suka mutu a filin wasa na Accra a ƙarshen wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, kuma Nima tana cikin unguwannin da suka fi ɗaukar gawa. Samari ne da suka fita kallon ƙwallo. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, suka ci rayuka fiye da 150, akasarinsu mutanen da suka fake wa ruwan sama ne. Rashin da ya faru a bainar jama'a yana da wani ƙarin ciwo, domin kowace shekara rediyo da talabijin za su dawo da shi, ko iyali sun shirya ko ba su shirya ba. Haka nan hoton gawa da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook kafin dangi su ji labari. Wannan ɗabi'a cutarwa ce, kuma addu'ar da aka rubuta a ƙarƙashin hoton ba ta wanke ta.

Akwai abin da ke sanyaya zuciyar wasu: ya zo a hadisi cewa wanda ya nutse a ruwa, da wanda ya ƙone, da wanda gini ya rufta masa, da matar da ta rasu wajen haihuwa, suna cikin shahidai. Idan firgita da mugayen mafarkai suka ƙi lafawa, duba amsa ta 12.

4. An riƙe gawar a mutuware, wato ɗakin ajiye gawa, domin bincike. Ba za mu iya ƙin yarda ba?

Idan mutuwa ta zo ta haɗari, ko ta hannun wani, ko ba a san sanadinta ba, ko an iso asibiti da mutum ya riga ya cika, dokar binciken mutuwa ta 1960 ta ba alƙalin majistare ikon sa a binciki gawar, kuma a wannan hali yardar iyali ba sharaɗi ba ce. Ga musulmi, wanda ya saba da a rasu da safe a rufe kafin la'asar, kowane dare da gawar ta ƙara kwana a can azaba ne, kuma da yawa suna jin kamar sun ci amanar mamacin. Ba su ci ba, domin jinkirin da hukuma ta ɗora ba laifin iyali ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne a wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya bi takardun 'yan sanda da na asibiti, a nemi limami ko sarkin zango ya sa baki a gaggauta, maimakon dangi ashirin su taru a ƙofar mutuware kowa da tasa maganar. Sakamakon binciken kuma sau da yawa shi ke kashe zargin sammu ko guba, wanda kan raba zumunci shekara da shekaru.

5. Ina ƙasar waje aka binne mahaifiyata. Me ya sa nake ji kamar ba ta mutu ba?

Wanka, likkafani, ɗaukar makara, da jin ƙarar ƙasa a kan itacen kabari, su ne suke tabbatar wa zuciya abin da kunne ya ji. Ɗanmu da ke Bronx ko Hamburg ko Kuwait, ko da yana da kuɗin jirgi a hannu, ba zai riski jana'izar da aka yi cikin sa'o'i ba. Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa, in ya fito ba zai koma ba, don haka sai ya aiko da kuɗin addu'a ya tashi da safe ya tafi aiki cikin mutanen da ba su san an yi masa rashi ba. Haka abin yake ga iyalan alhazan da suka rasu aka binne su a Makka ko Madina, duk da cewa su ana taya su murna da kyakkyawan ƙarshe. A Maris 2020, lokacin korona, da gwamnati ta rufe masallatai ta taƙaita masu halartar jana'iza zuwa mutum 25, mutanen da ke cikin gari ma sun ɗanɗani wannan.

Game da sallar ga'ib, wato sallar jana'iza ga mamacin da gawarsa ba ta nan, Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta ta, Malikiyya kuwa suna ganin wannan ya keɓanta da shi. Amma addu'a da sadaka da biyan bashin mamaci ba su da nisa, daga ko'ina suna isa. Yana da kyau 'yan'uwa su ba wanda ke waje cikakken labari: wa ya yi wanka, wa ya ja salla, a wane ɓangaren maƙabarta aka sa ta. Ranar da ya dawo kuma a raka shi kabarin.

6. Ɗanmu ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shekaru ba labari. Mu yi makoki ko mu jira?

Wannan yana cikin mafi tsananin hali, domin babu gawa, babu kabari, babu ranar addu'a, kuma ba wanda zai zo ta'aziyya. Rashin sani ya fi dare duhu. Uwa ba za ta yarda a ce "marigayi" ba, uba yana ganin lokaci ya yi, matarsa kuwa tana tsakiya, ba ta da miji ba ta kuma fita daga aure. Ba dole ba ne gida ya haɗu a kan ra'ayi ɗaya kafin a zauna lafiya. Ana iya yi masa addu'ar da ta dace da rayayye da matacce gaba ɗaya.

Fiƙihu bai bar matar haka ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara, a bincika, a sanya mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi takaba; idan kuma babu abin ciyar da ita, akwai hanyar raba auren kafin nan. Hukuncin yana da rassa gwargwadon inda mutum ya ɓace, saboda haka a kai maganar gaban malamai masana, kada kunyar surukai ta sa yarinya ta tsufa tana jira. Ƙungiyar Red Cross ma tana da sashen neman 'yan'uwan da suka ɓace a hanyar ƙaura.

7. Mun yi faɗa, ba mu shirya ba ya rasu. Ko kuma: da na kai ta asibiti da wuri. Yaya zan yi da wannan?

Kusan kowane mai rashi yana da nasa "da na sani". Abin lura shi ne, yau kana auna abin da ka yi jiya da ilimin da ba ka da shi a lokacin. Ba ka san zazzaɓin nan zai zama ajali ba, ba ka kuma san kalmar nan ita ce ta ƙarshe ba. Idan akwai haƙƙi na gaske, ƙofa ba ta rufe ba: nema masa gafara, sadaka da sunansa, mayar da dukiya ga magada, da kyautata wa waɗanda yake ƙauna.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Wani lokaci mamacin ne ya cutar da mai rai, miji mai duka ko uban da ya yi watsi da 'ya'yansa, sai ga jama'a suna ta yabonsa a zaman makoki, ita kuwa matar tana jin baƙin ciki da fushi da sauƙi a cakuɗe, tana kuma tsoron kanta saboda wannan sauƙin. Wanda ya yi doguwar jinya ma yakan ji haka. Wannan ba mugunta ba ce.

8. Ɗan'uwana ya kashe kansa. Mutane suna raɗa, wasu sun ƙi zuwa ta'aziyya. Mene ne gaskiya?

Kashe kai babban zunubi ne, amma a wurin jumhurun malamai bai fitar da mutum daga Musulunci ba: ana yi masa wanka, a sallace shi, a binne shi cikin musulmi, a roƙa masa gafara. Abin da ya tabbata shi ne Annabi (SAW) shi da kansa bai sallaci wani da ya yi haka ba, domin jan kunne, amma bai hana sahabbai ba. Sannan da yawa daga masu yin haka suna fama da ciwon damuwa ko taɓin hankali ne, kuma Allah ne ya san gwargwadon hankalin bawansa a wannan lokaci. Majalisar Dokokin Ghana ma a 2023 ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, aka mayar da shi matsalar lafiya.

Iyalin da irin wannan ya samu sun fi kowa bukatar jama'a, su ne kuma aka fi gudu. Haka abin yake ga gidan da ɗansu ya mutu ta shan tramadol, ko a gidan yari, ko da cutar ƙanjamau. Ba wajibi ba ne iyali su ba kowane mai tambaya bayani. "Allah ya yi masa rasuwa, a sa shi a addu'a" ya wadatar. Amma a cikin gida, ƙaryar da aka yi wa juna takan dawo da ciwo sabo ranar da ta tonu. A kuma sa ido a kan na kusa da shi, domin haɗarin irin wannan tunani yakan ƙaru a gare su (amsa ta 12).

9. Na yi ɓari, ko jaririna ya koma. Kowa na cewa "Allah zai ba da wani". Me ya sa maganar take min zafi?

Domin kina kukan wannan ne, su kuwa suna miki maganar wani. A Malikiyya ba a sallatar jaririn da bai yi kuka ko wata alamar rai bayan haihuwa ba, sau da yawa kuma maza kan binne shi uwar tana kan gadon asibiti, ba ta gan shi ba, ba a yi zaman makoki ba. Jiki kuma bai san an yi rashi ba: nono yana kawo ruwa, ga jego babu jariri. Idan a gidan haya kike, kukan jaririn maƙwabciya yana shigowa ta bango. Rashinki rashi ne na gaske. Maigida ma an yi masa, ko da ba wanda ya tambaye shi. Mata masu zuwa dubiya, "sannu, Allah ya sa mai ceto ne" ya fi lissafin shekarunta da sauran damar haihuwa.

10. Ina cikin takaba, dangin miji suna maganar ɗaki da kaya, ga kuɗin haya ya kusa ƙarewa. Ina da wata kariya?

Da wuya zuciya ta samu sararin alhini alhali tana lissafin abincin gobe. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda yake a Suratul Baƙara aya ta 234, ta mai ciki kuma haihuwarta, kuma asali a gidan aurenta ake yi. An yarda ta fita da rana domin bukata, kamar asibiti ko sana'ar da take ci da ita idan babu mai ciyar da ita. Ƙarin da al'ada ta yi, irin hana ta wanka ko magana da mutane, ba addini ba ne, kaɗaici kawai yake ƙara mata.

A rabon gado na Musulunci, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, mata tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan mamacin ya bar ɗa ko 'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma kishiyoyi wannan kason suke rabawa tsakaninsu. A ɓangaren hukuma, dokar gado ta 1985 da aka fi sani da PNDC 111 ta shafi wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma gyaran da aka yi mata a 1991 ya mayar da korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan aure kafin rabon gado laifi. Kason wannan doka ya bambanta da na Musulunci, shi ya sa ya fi kyau a zauna da malami da wanda ya san doka tun kafin rai ya ɓaci. Wadda aka matsa wa tana iya zuwa ofishin Legal Aid, mai taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, ko CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. A kuma yi ƙoƙarin karɓar takardar shaidar mutuwa da wuri, domin gaggawar jana'iza takan sa a manta da ita, alhali banki da hukumar fansho ta SSNIT ba za su saurari magada ba sai da ita.

Maganar addu'ar uku, ta bakwai da ta arba'in, malamanmu sun saɓa a kanta, kuma ba nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ba a saɓa ba shi ne, da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Gidan da ya ci bashi ya kafa rumfuna ya dafa shinkafa ga ɗaruruwan mutane, marayu kuma suka rasa kuɗin makaranta, an juya masa wannan sunna.

11. Mahaifina ba musulmi ba ne, danginsa za su ajiye gawar watanni. Ina matsayina?

Wannan tambaya ta Accra ce sosai, inda auratayya da musulunta suka haɗa gidajen zango da dangi daga ƙabilun Ga, Akan da Ewe. A al'adun nan dangi ne ke da iko da gawa, ana kuma iya ajiye ta a mutuware makonni ko watanni kafin babban taro. Musulmin da ke tsakiya yana ɗaukar nauyi biyu: dangi suna ganin ya guje su, abokan masallaci kuma ba su san abin da za su ce masa ba, sai su yi shiru. Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali ya je ya binne mahaifinsa Abu Ɗalib, don haka ɗawainiyar binne uba da riƙe zumunci ba abin zargi ba ne. Iyakar abin da za a halarta na ibadarsu kuma a tambayi malami. Akasin haka ma yana faruwa, wanda ya musulunta ya rasu a yi ta ja-in-ja a kan gawarsa, kuma maganinsa shi ne mutum ya rubuta wasiyya ya sanar da shugaban danginsa tun yana da rai.

12. Yaushe ne ya kamata a ga likita, kuma ina za a je?

Rashin barci, rashin cin abinci, mantuwa da jin kamar muryar mamaci a makonnin farko ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne ko ana samun sauƙi, ko da kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince da ciwon alhini mai tsawo: begen mamaci mai tsanani da ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, ya kuma hana shi gudanar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka shekara ɗaya suka sanya ga manya. Waɗanda suka shiga halin da aka bayyana a amsa ta 3, ta 6, ta 8 da ta 9 sun fi kusa da shi. Yara kuma nasu yakan fito ta fitsarin kwance, faɗa, ko faɗuwa a makaranta, musamman idan an ce musu "Baba ya yi tafiya" suka zauna jiran dawowarsa.

Akwai alamomin da ba a jira musu wata shida: maganar bin mamaci ko kashe kai, ƙin ci da sha kwanaki, dogara da ƙwaya ko giya domin barci, kasa kula da jariri, ko rikicewar hankali. A irin wannan kada a bar mutum shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa ko a kira lambar gaggawa ta 112. Asibitin ƙwaƙwalwa na Accra da na Pantang suna karɓar masu zuwa su koma gida, Korle Bu yana da sashen wannan fanni, haka asibitin Komfo Anokye ga mutanen Kumasi, kuma asibitocin gunduma da dama suna da ma'aikatan jinya na lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin hauka, ba ya kuma hana addu'a da ruƙiyya. Wanda ke jin nauyin zuwa shi kaɗai, ya nemi yayarsa ko amininsa ya raka shi ranar farko, ya kuma tafi da duk magungunan da yake sha domin likita ya gani.